Gidan Tsakiya a Allon Mai Lofe

A shekara ta shida da zaman Anasara a Filinge ta ƙasar Kurfai, babu abin da ya dami mutane kamar dako. Duk bayan wata biyu sai a aiko daga bariki a ce ana son mutum goma masu ƙarfi, su ɗauki kaya a ka zuwa Tawa. Wanda ya yi sa'a yakan dawo bayan wata uku da ƙafafu a kumbure. Wanda bai yi ba, sai dai a ji labarin an wuce da shi gaba, can wajen Damagaram.

Da fari sojoji ne ke shiga gari su kama wanda suka samu, kullum kuma sai an bi su bariki da ƙara. Ana nan aka kawo wani sabon kumandan, siriri, wanda lofe ba ya barin bakinsa, har mutane suka sa masa suna Mai Lofe. Shi ne ya ce ya gaji da ƙararraki, zai kawo musu alƙalin da ba shi da ɗan'uwa, ba ya kuma karɓar gaisuwa. Ya buɗe akwatinsa ya fito da wani allo.

Allon na katako ne, tsayinsa kamu ɗaya da rabi, an rufe fuskarsa da gilashi. A sama akwai ɗan baki kamar na mazurari. Ƙasa da bakin an kafa ƙusoshi layi-layi, ɗaya a layin farko, biyu a na biyu, haka har layi shida. A can ƙasa kuma 'yan gidaje ne bakwai a jere. In aka saka ƙwayar dalma a bakin, sai ta gangaro tana bugun ƙusoshi, nan ta yi dama, can ta yi hagu, har ta faɗa gida guda. Unguwannin da ke ba da 'yan dako bakwai ne, har da rugar Fulani da ke bayan fadama. Kowace unguwa ta ɗauki gida ɗaya. A jefa ƙwaya goma, duk gidan da ƙwaya ta faɗa, unguwar ta ba da mutum.

Mai Lofe ya sa tafintansa Sule ya gaya wa masu unguwanni su raba gidajen a tsakaninsu yadda suka ga dama. To, a Kurfai duk inda manya suka zauna, babba ne a tsakiya, na biye da shi dama da hagu, ƙanana kuma a bakin tabarma. Saboda haka sai da aka kwana uku ana gardama a kan gidan tsakiya. Magagi, mai unguwar Rijiya, ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar farko a garin. Hamani, mai unguwar Gawo, ya ce kakansa ne ya nuna wurin da za a haƙa. Dattawa suka ce nuni ba haƙa ba ne, aka ba Magagi tsakiya, Hamani ya zauna a damansa yana cin magani. Gefe ɗaya aka ba Arɗo Umaru na ruga, ɗaya gefen kuma wasu baƙi da suka taso daga Tondikandiya bara waccan. Ranar nan har kiɗa aka yi a ƙofar gidan Magagi.

Jefa ta farko, ƙwaya uku suka faɗa tsakiya. Ta biyu, huɗu. Ta uku, uku. Cikin wata shida unguwar Rijiya ta ba da mutum goma, unguwar Hamani ta ba da bakwai, rugar Arɗo kuwa ko ɗaya ba ta bayar ba.

Magagi ya yanka rago. Ya sa malamai suka yi saukar Alƙur'ani, aka binne laya a mashigar unguwa. Mutane suka fara raɗe-raɗin cewa akwai wani laifi da unguwar Rijiya ta yi wanda Allah ke kama ta da shi. A jefa ta biyu ma, don kunyar shiga gidajen mutane, Magagi ɗansa Amadu ya bayar, har yanzu kuma ba a ji ɗuriyarsa ba. Bayan ta uku ya tsaya a gaban jama'a ya rantse cewa ba zai ƙara shiga gidan kowa ba. Ƙwayar farko da za ta faɗa tsakiya nan gaba ta babban ɗansa Kailu ce.

Matar Kailu sunanta Haske. Shekararta biyu a gidan, da goyon ɗiya mace a bayanta, kuma 'yar unguwar Hamani ce. Ba mai yawan magana ba ce, har maƙwabta kan ce sai an ga hayaƙin murhunta ake sanin tana nan. Saura kwana tara a sake jefa ƙwaya, ranar kasuwa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar. In Kailu ya tafi, mutum uku za su rage a kan gonar gandu: tsoho Magagi, da yayarsa Gwaggo Habsa da ta dawo gidan zama tun da mijinta ya rasu, da ita Haske mai goyo. Wannan lissafin ba ya barin ta ko tana daka ko tana ɗiban ruwa.

Sau ɗaya ta taɓa ganin allon. Ranar jefa ta uku matan unguwarsu ne ke da aikin kai ruwa bariki, ta tsaya a bayan maza da tulu a ka, ta ga dalmar tana gangarowa, ta ji ƙararta, kas, kas, kas, sau shida, sannan shiru, sannan kukan wata mata.

Rannan da hantsi suka sussuke damin da aka ajiye don iri, Haske ta ɗauki ƙwarya za ta yi shiƙa. Iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi. Ta ɗaga ƙwaryar sama ta fara zubawa a hankali tana jiran iskar ta dawo. Geron na sauka, kowace ƙwaya na bugun 'yar'uwarta tana tsalle inda ta ga dama, wata nan, wata can. Guda ɗaya ta yi nisa har ta faɗo mata a kan ɗan yatsan ƙafa. Ta dubi wannan guda ɗayan, ta dubi tsibin. Tun tana yarinya take zuba gero, ba ta taɓa ganin tsibin da ya yi tudu a gefe ya bar tsakiya a kwance ba. Ba mai gaya wa ƙwaya inda za ta, amma kullum tsakiya ce ke tashi.

Ta tsaya da ƙwarya a sama har geron ya ƙare ba ta sani ba, sai da Gwaggo Habsa ta tambaye ta ko roƙon ruwa take yi.

Ba ta gaya wa kowa ba. A bayan rumbu akwai ragowar yumɓun da aka yi yaɓe da shi, da wani tsohon ƙyauren itace da gara ta ci gindinsa. Ta shafe ƙyauren da yumɓu, ta je gindin aduwa ta tsinko ƙayoyi masu kauri, ta kafa su layi shida yadda ta gani a bariki, ta ja 'yan katangu a ƙasa ta yi gidaje bakwai. Ba ta da dalma, sai ta ɗebo busasshiyar magarya daga cikin tulun Gwaggo, ta zaɓi masu girma ɗaya.

Gwajin farko bai yi ba, magaryar ta maƙale a ɗanyen yumɓu. Ta bar shi kwana biyu a inuwa ya bushe. Na biyu ma bai yi ba, don ta miƙar da ƙyauren da yawa, magaryar na tsallake ƙayoyin tana zuba ƙasa. Da ta kwantar da shi kaɗan kuma sai duk suka bi hagu. Ta zauna tana kallonsa kamar ta yi kuka, sannan ta lura ƙasan wurin ne ba daidai ba. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta ɗora a saman ƙyauren, ta dinga cusa tsakuwa a ƙarƙashi har ruwan ya kwanta daidai da bakin ƙoƙon ta kowane gefe.

Sannan ta fara sakawa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙoƙo guda ya ƙare. Gidan tsakiya ya cika, na kusa da shi suka bi masa, na gaba suka samu kaɗan, na gefe ɗaya ya samu guda biyu, ɗayan kuwa babu ko ɗaya. Tsibin gero ne sak, a kwance a kan ƙyaure. Ta kwashe ta sake. Ta kuma sakewa. Ta tsinke jan zare daga bakin zaninta ta ce wannan unguwar Rijiya ce, ta ajiye shi a gefe, ta sake zubawa. Magaryar ba ta bi zaren ba, tsakiya ta nufa kamar dā.

Kailu ta fara nuna wa. Ta same shi yana ɗinke takalman fatar da zai yi tafiya da su. Ya zo ya tsuguna, ya kalli zubi biyu. Daga baya ya ce ya gani, ya kuma yarda, amma ko gaskiya ce, wa zai dubi Baba ya ce masa ya tashi daga tsakiya? Shi dai ba zai iya ba, don za a ce tsoron dako ne ya sa shi. Ya koma ya ɗauki basillarsa.

Ita ma ba za ta iya ba. Shekara biyu a gidan nan, maganar da ke tsakaninta da surukinta ba ta wuce gaisuwar safe ba, ita ma a durƙushe, fuska a kauce. Ko sunansa ba ta faɗa. Shi ma ba ya kiran nata, sai dai ya ce matar yaron nan. Mutum ɗaya ce a duniya ke iya gaya wa Magagi abin da ba ya son ji, ita ce wadda ta goya shi yana jariri. Haske ta je ta kamo hannun Gwaggo Habsa ta kawo ta bayan rumbu.

Tsohuwa ta fara da faɗa a kan magaryarta da aka ɗiba ba a tambaye ta ba. Da ta ga zubi ɗaya sai ta bar faɗan. Ta karɓi ƙoƙon ta zuba da kanta. Sai dariya ta kama ta, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, har kuma dariyar ta koma hawaye, don ita ta raini Amadu. Ta share fuska da gefen zani, ta ce su kama ƙyauren.

Suka kai shi gindin itacen da Magagi ke alwala, suka daidaita shi da ƙoƙon ruwa, Haske ta koma bayan zana ta laɓe. Da ya fito don azahar ya ga abin a gabansa, ya tambayi wane ne ke wasan yara a wurin sallarsa.

"Zauna, kai dai," in ji Habsa. "Ga gidanka nan na tsakiya da ka yi kwana uku kana haƙilo a kansa. Zuba mu gani."

"Yaya, ba ni da lokacin wasa."

"Kana da lokacin yanka rago dai. Zuba."

Ya zauna don ya rabu da ita. Ya yi bisimilla ya saka ɗaya, ta faɗa kusa da tsakiya. Ya saka wata, ta faɗa tsakiya. Ya ci gaba yana gunaguni har ƙoƙon ya ƙare. Ya dubi tsibin, ya ce hannun dama ne. Ya sake da hagu. Ya ciro layar da ke wuyansa ya ɗora a kan gidan tsakiya, ya sake zubawa, magaryar ta binne layar. Ladan ya kira salla, ya gama, Magagi na zaune da butarsa a gefe bai taɓa ta ba.

Habsa ta ce ba laifin da unguwa ta yi, ba kuma wanda ya yi musu asiri, wurin zama ne kawai. Ta matso ta rage murya, ta ce ai abin da sauƙi. Hamani ya daɗe yana son tsakiya. Gobe Magagi ya shirya ya je har gida, ya ce ya yi tunani, mai nuna wuri ya fi mai haƙa, ya bar masa. Har godiya zai yi, har kiɗa zai sa a yi masa. Fuskar Magagi ta ɗan saki, ya fara shafa gemu.

Haske na bayan zana tana jin su. A unguwar Hamani aka haife ta. Ƙanenta Tahiru na can, bana ya isa ɗaukar kaya. Ta matso jikin zanar.

"Gwaggo," ta ce, "ki ce wa Baba can ma akwai masu ɗiya."

Habsa ta juyo ta dubi zanar, ta dubi ƙanenta, ta ce to ya ji, ba sai ta maimaita ba. Magagi ya daure fuska, ya ce a tambayi matar yaron nan, in ba haka ba, mi take so a yi?

Haske ta ce, har yanzu da Gwaggo take magana, a kai ƙyauren gaban kowa ranar kasuwa, kowa ya gani da idonsa. Waɗanda suka fi ba da mutane su koma gefe, waɗanda ba su bayar ba su shigo ciki, daga nan kuma a riƙa gusawa kowace jefa.

Magagi ya miƙe tsaye. Ya ce wato shi zai tsaya gaban Kurfai duka ya ce kujerar da ya yi wa kiɗa ita ta cinye mutum goma, har da ɗan cikinsa? Ya ɗauki butarsa ya shige, ya bar su nan.

Kwana biyu bai ce uffan a kan zancen ba. Haske na kai abinci tana ajiyewa, ana dawo da shi an ɗan taɓa. Kailu ya gama takalmansa, ya rataye su a bakin ɗaki. Ita kuwa ta fara tunanin da ta yi shiru ta bar Hamani ya karɓi tsakiyar, da yanzu mijinta ya tsira.

Ranar kasuwa da sassafe tana share tsakar gida ta ji muryarsa daga zaure.

"Yaya, ki ce wa mai allon ta ɗauko magaryarta. Allon ni za ni ɗauka."

Haka mutanen Filinge suka ga Magagi, mai unguwar Rijiya, da babbar riga da rawani, ɗauke da tsohon ƙyaure a ka, ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, ta wajen masu nono da masu kanwa, tsohuwa na biye da shi da sanda, wata yarinya mai goyo na biye da ita da ƙwarya a rufe, kanta a ƙasa. Kafin su kai gindin gawon da ke gaban bariki, rabin kasuwa ya biyo su.

Masu unguwanni na zaune a tabarma, an bar masa wurinsa a tsakiya. Hamani ya dube shi sama da ƙasa.

"Magagi, ba a jefa ƙwaya ba tukuna, har ka fara dakon?"

Aka yi dariya. Magagi ya sauke ƙyauren, ya jingina shi a tushen gawo, bai zauna ba. Ya ce wata shida ke nan yana neman wanda ya cuci unguwarsa, ya same shi, shi ne da kansa. Ya ce ba zai yi dogon bayani ba, su duba.

Haske ta durƙusa. Ta ɗora ƙoƙon ruwa, ta cusa tsakuwa har ruwan ya daidaita. Idanun maza sun fi ɗari a kanta, ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Sai ta sa idonta a kan ƙayar farko, ba ta ƙara duban kowa ba, ta fara sakawa. Da ƙoƙon ya ƙare, na gaba suka leƙa, na baya suka ce a gaya musu. Ta kwashe ta sake. Wani dattijo ya ce a ba shi ya zuba da hannunsa, aka ba shi, tsibin ya tashi a inda ya saba tashi. Wata mata daga cikin masu nono ta ce ai wannan ko wace mace ta san shi, tsibin shiƙa ne.

Hamani ya ce ya gani, amma yumɓu da ƙaya daban, allon Anasara daban.

Hayaniyar ce ta fito da Mai Lofe, Sule tafinta na biye da shi da allon. Mai Lofe ya zo ya tsaya a gaban ƙyauren, ya duƙa ya ƙirga layukan ƙaya da bakin lofensa, ya dubi ƙoƙon ruwan, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya karɓi allonsa ya kafa, ya kwance jakar dalmar duka, ya juye ta a bakin gaba ɗaya. Ƙarar ta tashi kamar ruwan sama a kan busasshiyar fata. Da ta lafa, ga tsibi nan a bayan gilashi, tudu a tsakiya, gangare dama da hagu, ba abin da ya raba shi da na magarya.

Ya yi magana yana murmushi, Sule ya fassara. Wai a ƙasarsu don haka aka ƙera allon, don a nuna wa masu karatu wannan tudun. Wai shi ya ce su raba gidajen yadda suka so, suka kuwa raba. Wata tsohuwa da aka tafi da 'ya'yanta biyu ta tofar da yawu a ƙasa.

Mai Lofe ya ce a tambayi matar nan wa ya koya mata. Haske, kanta a ƙasa, ta ce, "Shiƙa." Sule ya yi ta fama da hannu yana kwatanta ƙwarya da iska, har Mai Lofe ya gaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce mutum goma yake so kafin azahar, su zauna yadda suka ga dama, ya koma inuwa.

Saura Arɗo Umaru, wanda duk wannan abin da ake yi yana gefe ya jingina da sandarsa. Magagi ya faɗi shawarar gusawa, kowa ya juya ya dube shi. Arɗo ya ce shi tun ranar farko ya sani. Duk wanda ya taɓa kora shanu zuwa rijiya ya san tsakiyar burtali ce ke zurfi, gefe sai wadda ta ɓata. Aka ce to me ya hana shi faɗa?

"Wa ya tambaye ni?" ya ce. "Kun ba ni gefe kuna dariya, na karɓa ina godiya. Yanzu kuma gefen nawa ya yi daɗi. To, mai rijiya ya roƙe ni da bakinsa, in ji yadda roƙonsa yake."

Magagi ya taka har bakin tabarma inda bai taɓa zama ba, ya tsaya gaban Arɗo, ya ce, "Arɗo, don Allah ka ba ni gefe."

Arɗo ya bar shi a tsaye ɗan lokaci, yana duban sama kamar mai neman hadari. Sannan ya ce ya bayar. Zai zauna tsakiya sau ɗaya, ba sau uku ba, don shi ba shi da kakan da ya haƙa rijiya. Daga nan kowa ya gusa gida guda har a zagayo. Aka yarda. Magagi ya ɗauki gefen hagu, Hamani ya ɗauki na dama ba tare da an roƙe shi ba, sauran suka jeru gwargwadon abin da kowa ya bayar.

Sule ya ware dalma goma. Haske ta koma bayan mata ta tsaya kusa da Habsa. Mutanen unguwarsu har sun fara murna, ita kuwa ba ta yi ba, don ita ta zuba magaryar nan sau da yawa, ta san a kowane ƙoƙo akan sami ɗaya ko biyu da ke kaiwa gefe. Ta hango Kailu a cikin maza, takalman na rataye a kafaɗarsa.

Ta farko ta faɗa tsakiya. Ta biyu kusa da ita. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, ta shida, duk a ciki. Ta bakwai ta bugi ƙusar farko ta yi hagu, ta bugi ta biyu ta yi hagu, ta uku hagu, ta huɗu hagu, ta biyar ma hagu. Haske ta damƙe hannun Habsa. Dalmar ta sauka a kan ƙusa ta shida, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta mirgina dama ta faɗa gidan maƙwabta. Sauran ukun ba su ko nufo wajen ba.

Habsa ta saki guɗa tun daga cikinta, matan Rijiya suka kama, na Gawo ma suka kama, don su ma ba a taɓa su ba. Haske ba ta yi guɗa ba, tana ganin wasu matan da aka kira sunan unguwarsu. Amma ta zauna a ƙasa da goyonta, tana dariya tana share ido. Kailu ya sauke takalman daga kafaɗa, ya miƙa wa wani saurayin ruga da ƙwaya ta faɗa a kansa, ya ce ya gwada ko za su yi masa.

Da za a koma gida samari suka yi rige-rigen ɗaukar ƙyauren, Magagi ya hana, ya sake ɗora shi a kansa. A tsakiyar kasuwa wani mai kanwa ya tambaye shi wane malami ne ya yi masa wannan aiki. Ya tsaya da kayansa a ka, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce ba malami ba ne, ɗiyarsa ce, ga ta nan a baya. Haske ta ja mayafi ta rufe fuska, Habsa ta janye shi.

Kwana huɗu bayan haka ruwa ya sauka tun da asuba, mai yawa, har fadama ta kwanta. Da gari ya waye suka fita gonar gandu. Kailu na gaba da sungumi yana sara, Haske na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, daga geron nan da ta sheƙe ranar da iska ta ɗauke. Tsoho na zaune a bakin gona da jikarsa a cinya, yana aika wa Habsa saƙo ta gaya wa mai allo ta rage sauri, rana ba ta yi ba tukuna.